Malam Ya'u da Kabewar Cikin Talabijin

A duk layin da gidan Hajiya Halima yake a Nassarawa GRA, babu mai gadi ko direba ko kuku da bai san ra'ayin Malam Ya'u a kan furanni ba, domin ba ya ɓoye shi. Shekara ashirin da shida yana ba su ruwa, yana yi musu aski, yana tsince musu tsutsa, kuma shekara ashirin da shida yana zaginsu ƙasa-ƙasa. Cewa yake duk shukar da ba ta shiga tukunya, ba ta maganin shawara, akuya ma ta shinshina ta wuce, to zaman banza take yi a duniya. Amma ko ɗaya ba ta taɓa mutuwa a hannunsa ba. Wannan shi ne abin taƙamarsa, har 'yan layin suka laƙaba masa Ya'u Ba-ta-mutu. Yakan yi kamar ba ya so, alhali idan aka kwana biyu ba a kira shi da sunan ba, shi da kansa yake tuna wa mutane.

Mutumin wani ƙauye ne a gefen Ringim, manomi ɗan manomi. Da mahaifinsu ya rasu aka raba gona tsakanin 'ya'ya goma sha ɗaya, rabon Ya'u ya zo ɗan tsito, yadda shi da bakinsa yake cewa idan jaki ya kwanta a ciki wutsiyarsa a gonar ƙaninsa za ta sauka. Ya bar wa ƙanin nasa, Aƙilu, ya haɗa da tasa, ya ɗauki fartanya da buhun kayansa ya shigo Kano. Marigayi mai gidan, Alhaji Mustafa, ya ɗauke shi aikin lambu. Da ya ji an ce lambu ya yi murna, ya zaci albasa ce da tumatir. Sai aka nuna masa ciyawa shimfiɗe kamar darduma, aka ce aikinsa ya ba ta ruwa ta yi tsawo, idan ta yi tsawon kuma ya yanke ta. Ya kwana uku yana tunanin ko gwada hankalinsa ake yi.

Sau uku a rayuwarsa ya roƙi Hajiya ɗan lungu ya shuka kuɓewa ko yakuwa, sau uku tana ce masa, "Malam Ya'u, kasuwar 'Yankaba fa tana nan, ba ta tashi ba." Daga na ukun ya haɗiye maganar, ya ci gaba da aske ciyawa.

Autar gidan, Ameera, a gabansa aka haife ta, ya sha ciro ta daga cikin furanni da ƙasa dumu-dumu a baki. Ta girma ta karanci harhaɗa magunguna, ta zama mai nutsuwa da kamun kai, sai dai akwai abu ɗaya da ya kama ta ya riƙe, wato gem, wasan da ake yi a talabijin. Yayanta Nabil da ya yi aure ya koma Gawuna, ya bar mata na'urar da tarin wasanninsa. Ta sa aka fito mata da tsohuwar talabijin barandar baya inda iska take kaɗawa, kullum bayan la'asar a nan za ka same ta.

To barandar bayan nan tana fuskantar gindin mangwaron da ma'aikatan gidan ke zaman shan shayi, shi ya sa ba tare da kowa ya naɗa su ba suka zama alƙalan wasanni. Bappa mai gadi ya fi kowa zafi. Akwai wani wasa da ake lallaɓawa a shiga gidan da masu gadi ke tsare da shi, kuma duk ranar da aka sa shi Bappa ba ya iya shan shayinsa cikin kwanciyar hankali.

"Ki duba fa, Hajiya ƙarama," in ji shi. "Ya gan ki da idonsa, kin shiga cikin duro a gabansa, ya zo ya tsaya ya ce wai ƙila iska ce, ya juya ya koma. Wannan ba gadi ba ne, cin amana ne. Kuma duk cikinsu ba mai rediyo, ba mai buta. Karnukan dai an yi su da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsu ba."

Zubairu direba kuwa wasan tseren mota ya tasa a gaba. Ya yaba ƙarar injin, ya ce sun kamo ta daidai, har canjin giya. Amma titi fetal, ba rami, ba adaidaita sahu da zai faɗo maka ba sigina, ba mai rake da zai tura baro ya tsallaka yana waya. Mota ta daki gini ta wuntsila sau uku ta tashi ta ci gaba da gudu, abin da duk bakanikan Ƙofar Ruwa suka taru ba za su iya ba. Sau ɗaya ya yarda ya karɓi hannun gem ɗin ya tuƙa. Ya zo na ƙarshe, har an gama raba kofi, amma ya ce a rubuta cewa shi kaɗai ya iso da fitilunsa biyu.

Malam Ya'u bai taɓa sa musu baki ba. A ganinsa manya da furfura su zauna suna gardama a kan zane mai motsi, wannan ƙarshen zamani ne. Yana nan a kan bakansa har ranar da Ameera ta sa wasan gona. Yana ba wata fulawa ruwa ya ɗago kai, sai ya ga ƙasa baƙa wuluk an ja mata kunyoyi, ga shuka kore shar tana kaɗawa, ga kaji suna kiwo a gefen rijiya. Ya tsaya riƙe da tiyo har ruwa ya cika masa takalman roba bai sani ba.

Tun daga ranar ya zama shugaban alƙalai, ya kuma fi su duka rashin tausayi. Abin da ya yaba kaɗan ne: ƙasar, ƙarar ruwan sama a kan kwano, da tafiyar kajin, wadda ya ce duk wanda ya zana ta ya taɓa zama da kaza. Aibobin kuwa ba sa ƙirguwa. Shuka tana nuna cikin kwana huɗu. Babu ƙuduji, babu fara, babu jan-baki, babu akuyar maƙwabci, to da wa manomi zai yi faɗa? Yarinyar da ke noman tana zuba fartanya da gatari da kifi da ƙwai arba'in a jaka ɗaya, ta ruga da gudu, ko ɗaya bai fashe ba. Amma abin da ya fi ci masa rai mutanen ƙauyen ne. Gaisuwarsu layi ɗaya ce, ba ya gida, ba ya yara, ba ya muka ji da zafi. Idan aka kai musu kyauta sai wata jar alama ta fito a kan mutum, shi ke nan an gama.

"Ba tukuici, ba a dawo da kwano da ko barkono a ciki?" in ji shi. "Waɗannan a ina aka yi musu tarbiyya?"

"Baba Ya'u, wasa ne fa."

"Wasa ma ai da ƙa'idarsa. Ko dara ce, ba ka cin abin da ba ka jera ba."

Duk da haka ba ya fashin zama, kuma a nan ya san labarin kabewar. A ƙauyen cikin wasan ana yin gasa sau ɗaya a shekara, alƙalai su zagaya gonaki su duba wa ya fi babbar kabewa. Irin ƙatuwar da ke cin gasar ba kullum take fitowa ba, sai an dace, kuma dole a bar ta a jikin yaɗonta har ranar da za a zo dubawa. Shekara biyu Ameera tana nema ba ta samu ba. Bana ta samu. Kabewar ta kumbura ta kai girman ɗakin kaji, kullum Ameera sai ta ɗauke ta hoto ta tura wa ƙawayenta. Ana haka takardar bautar ƙasa ta fito, za ta tafi sansanin horo a kudu na mako uku, ta dawo ana jibi gasa. Wasan kuwa kwanakinsa da na duniya tare suke tafiya, idan aka kwana biyu ba ruwa shuka ta bushe.

Ta roƙi Nabil, ya ce aiki ya yi masa yawa. Ta roƙi Hajiya, Hajiya ta yi dariya har ɗankwalinta ya zame. Sai ta waiwaya ta ga wanda tuntuni ya kamata ta fara nema.

Kwana biyu ta yi tana koya masa. Wannan na tafiya ne, wannan na ban-ruwa, wannan na miƙa wa mutum abu, wannan ja ɗin kuwa na girbi ne, kada ya kuskura ya taɓa shi a kusa da kabewar. Ya riƙe hannun gem ɗin da tafuka biyu kamar an ba shi ɗan tsako.

"Ban-ruwa kawai, Baba Ya'u. Kar ka taɓa ta. Amana na ba ka."

"Haba uwar ɗakina," in ji shi. "Ba-ta-mutu fa ake ce min. Je ki yi wa ƙasa bauta da hankali kwance."

Makon farko ya tafi lafiya, in ban da sau shida da ya jefa yarinyar cikin kogi. Kullum bayan la'asar sai ya wanke hannu, ya gyara hula, ya zauna a bakin kujera, domin bai yarda ya jingina a kujerar 'yar gida ba. Ya ba kabewa ruwa, ya zagaya ta sau biyu, sannan ya bi ƙauyen gida-gida yana gaida mutane da babbar murya, yana tambayarsu iyali, yana amsa wa kansa tunda su ba su iya ba. Ranar Juma'a ya raba musu tumatir. Ba zan ɓoye muku ba, daɗi yake ji. Rabonsa da gonar da ake shuka abin ci tun yana saurayi, ga shi yau an damƙa masa ɗaya sukutum, ko da yake a bayan gilashi take.

Ranar kwana na goma sha biyu ya lura da abin da ya tsinka masa zuciya. Hannun kabewar, inda ta maƙale da yaɗo, ya koma ruwan ƙasa. Ya tashi ya matsa dab da talabijin ya ƙura ido. Ya lanƙwasa yatsa ya ƙwanƙwasa gilashin daidai cikinta ya kara kunne. Duk wanda ya taɓa noman kabewa ya san idan hannunta ya bushe ta nuna, kuma idan aka ci gaba da yi wa nunanniya ambaliyar ruwa, ta ƙasa take fara ruɓewa, sama tana sheƙi ciki ya zama kunu.

Ya sa Zubairu ya tura wa Ameera saƙon murya. Sai bayan kwana biyu amsa ta zo, muryarta a dashe, ana jin busar fareti a bayanta: "Ban-ruwa kawai, Baba Ya'u, don Allah."

Aka yi zama a gindin mangwaro. Bappa ya ce shi a aikinsa ƙofar da aka ce ka rufe ba ka buɗe ta ko da gobara ake yi, sai ka ji daga sama. Zubairu ya ce abin nan zane ne, zane ba ya ruɓewa.

"Kai ka taɓa noma kabewa?" in ji Ya'u.

"A'a."

"To ka tsaya a sitiyarinka."

Abinci ya daina wuce masa. Idan ya bi umarni kabewa ta ruɓe, ya kashe amana, kuma ita ce za ta zama abu na farko da ya mutu a hannunsa. Idan ya saɓa, ya saɓa wa yarinyar da ta yarda da shi. Yana cikin wannan sai aka tsuge da ruwan sama a cikin wasan, kwana uku a jere, ruwa yana kwanciya a gindin kabewar yana kallo. A rana ta uku ya ce yarinya ce, karatun magani ta yi, ba ta san kabewa ba, abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. Ya yi bisimilla ya danna ja.

Kabewar ta yi tsalle ta tarwatse ta zama yanka ashirin, duk suka faɗa cikin jakar nan mai cin komai. Ya duba ɗaya bayan ɗaya, ba ruɓa ko kaɗan, ya yi ajiyar zuciya ya ce da ƙyar aka sha. Sai kuma wata matsalar ta taso. Yanka ashirin, yarinya ɗaya a gida, ba miji ba yara. A garinsu idan aka fasa babbar kabewa, kafin ta shiga tukunyar gida sai ta zagaya maƙwabta, wanda ya ƙi yin haka kuwa har jikokinsa sai an yi musu gori. Ba zai bari a yi wa Ameera gori a ƙauyen mutane ba. Ya ware yanka ɗaya na iri, ɗaya nata, ya bi gida goma sha takwas ya miƙa wa kowa nasa. Jajayen alamu suka yi ta tashi a kawuna. Tukuici ko na allura ba wanda ya bayar, abin da ya ƙara tabbatar masa da ra'ayinsa a kansu. Ya dawo ya share wurin tas ya shuka wake, don kada ƙasa ta zauna haka nan.

Ameera ta dawo ta rame ta yi duhu. Ta gaida Hajiya a tsaitsaye ta nufo barandar baya ko takalmi ba ta cire ba. Malam Ya'u yana tsaye a gefe da sabuwar hula, hannuwa a baya, yana jiran yabo. Ta kunna. Ta zagaya gonar sau ɗaya, ta sake zagayawa.

"Baba Ya'u, ina kabewata?"

Ya yi mata bayani tiryan-tiryan, tun daga bushewar hannu har ruwan kwana uku, har gida goma sha takwas, bai manta da waken ba. Yana magana yana jiran fuskarta ta saki, ba ta saki ba.

"Ba ta ruɓewa," in ji ta a hankali. "Ko shekara goma za ta yi a wurin ba abin da zai same ta. Haka aka yi wasan."

"To ai kin ga wannan shi ne babban aibinsa, domin kabewar da ba ta..."

"Shekara biyu, Baba Ya'u. Jibi ne fa gasar."

Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da ya fi masa sauƙi. Ta kashe talabijin, ta share ido da gefen mayafi, ta shige gida. Ya tsaya shi kaɗai da sabuwar hularsa, kunya ta rufe shi tun daga kai har ƙafa. Ya san dai kabewar zane ce, amma hawayen na gaske ne, kuma shi ya jawo su.

Daga ranar gaisuwarta ta koma layi ɗaya kamar ta mutanen cikin wasan, "Ina kwana," ba Baba ba Ya'u. An dawo da ita Kano ta ƙarasa bautar ƙasar, don haka kullum sai sun haɗu, kullum sai abin ya soke shi. Labari kuma ya zagaya layi. Masu gadin maƙwabta suka fara cewa ai gaskiya ne ba ta mutu ba, yanka ta aka yi da ranta.

A kwana na biyar ya cire takalmi a ƙofar falo ya durƙusa a gaban Hajiya.

"Ranki ya daɗe, kabewa na ci, kabewa zan biya. A ba ni wuri."

Hajiya ta dube shi ta dubi 'yarta da ke zaune tana latsa waya fuska a ɗaure. Dariya na cinta amma ta danne. Ta ce ya ɗauki bayan ɗakin janareta, taku huɗu, kada ya ƙara ko tafin hannu.

"Kamar waccan girma nake so," in ji Ameera ba tare da ta ɗago ba.

"Za ki ga ta gaske," in ji shi. "Sai an kira mutum huɗu sun ɗaga."

Baki shi ke yanka wuya. Ya aika Ringim Aƙilu ya aiko da iri da buhun takin awaki, ya yi shuka da ruwan tsakiyar damina, ya zauna yana jiran duniya ta ga aiki. Duk abin da ya yi ƙorafin babu a cikin wasan sai ga shi ya zo masa har gida, kamar an aika musu goron gayyata. Tsutsa ta zo. Ɗawisun maƙwabta ya tsallako katanga ya cinye furen farko. Inuwar mangwaro ta tare rana, hayaƙin janareta ya ƙona ganye, bayansa kuma ya riƙe tun noman farko. Abin da ya fi ba shi haushi, sai ya tarar ya manta abubuwa. Ya tsaya a kan yaɗo bai tuna ko ana datse kan ko ba a datsewa ba, dole ya ɓuya a bayan tankin ruwa ya kira ƙaninsa yana tambaya ƙasa-ƙasa. Aƙilu ya yi ta dariya har katin wayar ya ƙare.

A mako na shida Ameera ta jawo kujerar roba ta zauna a bakin taku huɗun, ta harɗe hannuwa.

"Wannan wasan naka akwai jan rai," in ji ta. "Kwana arba'in ina leƙowa ba abin da ya faru. Ga sauro. Ga wari. Kuma manomin sai nishi yake yi."

"Ƙasar fa?" in ji shi, yana murna a ɓoye don ta yi masa magana mai tsawo.

"Ƙamshin ƙasar dai an yi shi da kyau, wannan ba zan ci haƙƙinsa ba."

Tun daga nan take zuwa kullum ta yanke hukunci ta tafi. Wata rana ma ya kama ta tana korar ɗawisu da tsintsiya, ta ce wucewa kawai take yi.

'Ya'ya uku yaɗon ya ɗauka. Biyu suka zube tun suna kamar ƙwan zabo. Ɗayar ta tsaya, ya yi mata matashi da busasshiyar ciyawa, yana juya ta kamar mai jinya, amma ta ƙi girma. Da damina ta ɗauke hannunta ya bushe, ya yanke ta, ya auna a tafinsa. Ba ta fi ƙwaryar fura ba. Mutum huɗun da ya ce za a kira, ko jaririnsu zai iya ɗauka.

Ya shimfiɗa buhu a barandar baya ya ajiye ta a gaban Ameera, Bappa da Zubairu suna tsaye sun rasa inda za su sa idonsu.

"Ga abin da hannuna ya iya," in ji shi. "Shekara ashirin da shida ina aske ciyawa, ashe noman ya tafi ya bar ni ban sani ba. Na zagi wasanki, wasanki ya fi ni. Ban biya ki ba, uwar ɗakina, kuma ba ni da abin biya. Sunan nan ma a daina kira na da shi."

Ameera ta ɗauki kabewar ta juya ta. Ta lanƙwasa yatsa ta ƙwanƙwasa ta kara a kunne, domin Zubairu ya riga ya ba ta labarin gilashin talabijin. Sannan ta leƙa kicin ta ce wa Mairo mai girki ta miƙo wuƙa da faranti.

"Gida nawa ne a layinmu?"

"Tara da namu," in ji Bappa.

"Don Allah kar ki tona min asiri," in ji Ya'u. "Wannan ko miyar mutum biyu ba za ta yi ba."

"Kai ka ce haka ake yi."

Ta yanka ta gida tara, kowane yanki siriri har ana hango haske ta jikinsa. Ta jera su a faranti takwas a kan babban tire ta ɗauka, ta ce ya wuce gaba ya nuna mata hanya, domin a nan ta gano cewa mutum goma sha takwas na ƙauyen cikin wasa ta san sunan kowa da abin da yake so, amma a layin da aka haife ta gida biyu kawai ta san masu shi. Haka suka bi manyan ƙofofin ƙarfe ɗaya bayan ɗaya, ita da tire, shi yana sunkuyar da kai, masu gadi suna buɗewa suna leƙen faranti suna neman abin da aka kawo. A gida na shida wata tsohuwa, Hajiya Maryam Nana, ta sa aka shigo da su har ɗakinta. Ta ɗaga yankin kabewar ta daɗe tana kallo, ta ce rabon da a aiko mata da kabewa daga maƙwabta tun tana amarya a Tudun Wada. Ta riƙe su da hira har sai da shayi ya huce sau biyu.

Kafin magariba farantai suka fara dawowa. Wani da dabino, wani da ƙwai, wani da turaren wuta, gidan masu ɗawisu suka aiko da zabuwa mai rai, wataƙila don neman gafara. Kowane gida kuma sai da aka damƙa wa Malam Ya'u tukuici, yana ƙi ana tura masa a aljihu. Hajiya Halima ta sauko ta ga baranda cike da kwanuka, ta tambayi ko biki ake yi ba a gaya mata ba. Da aka ba ta labari sai ta ce baɗi ya ƙara taku huɗu, amma idan ta ga kuɓewa a gaban gida ransa zai ɓaci.

"To alƙali, ya ka gani?" in ji Ameera.

Ya dubi farantan, ya gyara murya. "Kabewar dai ba ta ci gasa ba. Amma mutanen wannan ƙauyen sun fi na wancan tarbiyya."

Ta yi dariya, irin wadda rabonsa da ji tun kafin ta tafi sansani. Sannan ta kwance gefen mayafinta ta fito da 'yar takarda a ƙudundune. 'Ya'yan kabewar ne, ta tsame su tun da ta yi yankan farko, ta wanke ta shanya bai lura ba.

"Iri ne. Ka ce shi ake fara cirewa," in ji ta. "Amana na ba ka, Baba Ya'u."

Ya karɓa da tafuka biyu. Ya adana ta a aljihun rigarsa. Sai ya juya ya nufi furannin Hajiya ya ɗauki tiyo, ya hau su da faɗa yana ce musu su dubi abin da 'yar kabewa ta yi a yini ɗaya, su kuwa shekara ashirin da shida ko gishiri ba su taɓa jawo wa gidan nan ba.